Ba a sare bishiyar kortisa, riga ake tuɓe mata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni mai karanta jaridarka ne ta waya daga yankin Alentejo a kudancin Fotugal, inda neman abinci ya kawo ni. Kwanakin baya na ga wani ɗan rubutu a shafinku na muhalli da ya jera kayan da ake kashe dazuzzuka saboda su, a ciki har da matoshin kwalba mai taushin nan da ake yi da ɓawon itace. Marubucin ya ba da shawarar a koma ga na roba don itatuwa su huta. Na tabbata da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma a wannan gaɓa ya yi tuntuɓe, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin shekara uku ke nan da wannan ɓawo nake ci nake sha.

Bishiyar, mutanen nan sobreiro suke ce mata, ɓawonta kuma kortisa. Kusan rabin kortisar da duniya ke amfani da ita daga Fotugal take fitowa, sai Sifen ta biyo baya, sannan Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Italiya da Faransa. Ba ta yarda da ko'ina ba, kewayen yammacin Bahar Rum kawai take so. A duk waɗannan ƙasashe ba a sare ta don a sami ɓawon. A tsaye ake tuɓe mata shi, a bar ta da ranta, ta sake yin wani. A Fotugal ma ko a gonarka take, ko ta bushe ƙurmus, ba ka isa ka kai ta ƙasa ba sai da izinin hukumar gandun daji. Dokokin kare ta sun faro tun shekarar 1209, kuma a ƙarshen 2011 majalisar ƙasar ta ayyana ta a matsayin bishiyar ƙasa.

Ni ba mai gatari ba ne, kada in ɗora wa kaina girman da ban kai ba. Aikina kwasar ɓawon da aka sauke, in saɓa a kafaɗa in kai bayan tarakta. Amma mai dako yana wuni a gindin gwanaye, idonsa kuma a buɗe yake.

Ana fara aikin wajen ƙarshen Mayu, a rufe a Agusta. A wannan tsakani ne ruwan jikin bishiyar ke gudana sosai, ɓawo ya saki jiki. Tun duku-duku muke fita, don kafin azahar zafin Alentejo ya fi ƙarfin wasa. Masu gatari bibbiyu suke tafiya, ɗaya a ƙasa, ɗaya ya hau tsani ya zauna a cokalin rassa. Gatarin nasu baki gare shi mai faɗi da lanƙwasa kamar jinjirin wata, ƙarshen ƙotar kuma an fere shi ya yi fele-fele. Gwani zai zagaya bishiyar da ido ya nemi tsaga mafi zurfi da ta tafi daga sama zuwa ƙasa, ya sara a cikinta, ya ɗan murɗa bakin gatarin. Sai ya saurara. In ya ji ƙara mai zurfi kamar an buga ƙwarya a kife, ɓawon ya yarda. In ya ji ƙas, gajeriyar ƙara busasshiya, bishiyar ba ta shirya ba, sai ya bar ta ya wuce. Idan ta yarda, sai ya bi tsagar har ƙasa, ya yanka layi a kewaye ta sama, ya juya gatarin ya cusa ƙotar tsakanin ɓawo da jiki ya banƙare a hankali. Ɓawon yana ɗan kuka yana rabuwa, har ya faɗo sala guda, wani ya fi tsayin mutum, a lanƙwashe kamar rabin kwalekwale. In ka ɗaga sai ka yi mamakin rashin nauyinsa. Cikinsa da ɗan danshi da sanyi, da wani ƙamshi na ɗanyen itace da ke bin tufafinka har gida.

Jikin da aka tuɓe yakan fito rawaya mai haske, bayan 'yan kwanaki ya koma ja jawur, daga baya ya yi duhu. In ka bi hanyar Évora zuwa Coruche a watan Yuli da yamma, rana ta kwanta a kan waɗannan jajayen kututture, za ka tsayar da mota ko ba ka yi niyya ba. Na ƙarshe a ayarinmu mai gwangwanin farin fenti ne, yana rubuta lamba ɗaya a jikin kowace bishiya, wato lambar ƙarshe ta shekarar. A 2023 da na fara, waɗanda muka tuɓe lamba 4 ce a jikinsu, ta 2014, muka bar su da lamba 3. Gatari ba zai sake kusantarsu ba sai 2032. Shekara 9 doka ta ce.

Wannan jira shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a sana'ar. Wanda ya shuka sobreiro sai ya yi kamar shekara 25 kafin ya taɓa ta, kuma sai kewayen gangar jikinta ya kai santimita 70 a daidai ƙirjin mutum. Ɓawon farkon nan tauri gare shi da kaushi, duk ya tsattsage, sai dai a niƙa a yi dabe ko allunan tare zafi da shi. Na biyu, bayan shekara 9, ya ɗan fi, amma bai kai ba. Sai na uku, bishiya ta haura shekara 40, sannan ake samun mai laushi da kauri da manyan masu saye ke rububi, wanda suke kira amadia. Lissafa ka gani: saurayi ɗan shekara 30 ya shuka, sai ya haura 70 kafin ya ga kuɗin kirki, in yana da rabon gani. Shi ya sa suke cewa wanda ya damu da jikokinsa sobreiro yake shukawa. Ita kuwa takan kai shekara 200, a tuɓe ta sau 15 ko fiye. Akwai wata a ƙauyen Águas de Moura da aka shuka a 1783, suna kiranta Mai Fito saboda kukan tsuntsayen da ke taruwa a kanta. Na je na gan ta wata ranar Lahadi. A 1991 kaɗai an sauke mata ɓawo sama da kilo 1,200, a 2018 kuma ta ci gasar bishiyar shekara ta Turai. An tuɓe ta fiye da sau 20, ga ta nan tsaye da inuwarta.

Amma kada in sa a ɗauka cewa aikin ba ya cutarwa. Yana cutarwa in ya faɗa hannun da bai iya ba, kuma ni shaida ne a kan kaina. Ƙarƙashin ɓawon akwai wata siririyar fata mai rai, wadda mutanen Sifen ke kira uwa, domin ita ke haifar da sabon ɓawo. A shekarata ta biyu na matsa wa dattijon da nake bi, wanda muke ce wa mestre, wato gwani, ya bar ni in gwada. Ya daɗe yana ƙi, wata rana ya miƙo mini gatarin. Sara biyu na farko sun tafi daidai. A na uku na sa ƙarfi kamar mai faskare, bakin ya wuce ɓawo ya shiga uwar, ya yi rauni kamar tsawon yatsa. Bai yi mini tsawa ba. Ya karɓi gatarinsa, ya kama hannuna ya ja ni zuwa wata tsohuwar bishiya can gefen rafi, ya nuna mini wani baƙin kumburi a jikinta inda ɓawo ya murɗe ya ƙi daidaita. Ya ce nasa ne, tun yana yaro a bayan mahaifinsa, kuma duk zagayen shekara 9 sai ya sake haɗuwa da shi. Ta irin wannan rauni ƙwari da ruɓa ke shiga. Ranar abincin rana bai wuce mini ba. Tun daga nan ban sake roƙon gatari ba, kallo nake yi ina koyon sauraro, shi kuma wani lokaci yakan buga ya dube ni, ya jira in faɗa masa ko ta yarda.

Bayan an sauke, ana jibge ɓawon a fili ya sha iska da rana da ruwa wata shida ko fiye, sannan a dafa shi a tafasasshen ruwa kamar awa guda ya miƙe ya yi laushi. A gona da arroba ake cinikinsa, ma'aunin kilo 15. Yawancin masana'antun suna arewa, wajen garin da ake kira Santa Maria da Feira. Ba zan ɓoye ba, mafi yawan kuɗin sana'ar daga matoshin kwalaben giya yake fitowa, kuma wannan ya sa na yi tunani mai tsawo kafin in karɓi aikin. Sai dai ba nan ɓawon ya tsaya ba. Yana tafin takalmi, yana daben ɗaki da bangon da ke tare zafi da ƙara, yana cikin injin mota, har a jikin kumbon sama jannati ana sa shi ya tare wuta. Garin da ya zube a masana'anta ma ƙonawa ake yi a sami makamashi. Sirrinsa iska ce: a ɗan gutsure mai santimita ɗaya ta kowane gefe akwai ƙananan ɗakuna kusan miliyan 40 cike da iska. Su ne masanin kimiyyar Ingila Robert Hooke ya gani da madubin ƙara girma ya bayyana a 1665, kuma daga nan kimiyya ta samo sunan da take kiran ƙwayar halitta da shi har yau, wato cell, ma'ana ɗan ɗaki.

Yanzu ga inda nake roƙon marubucinku ya sake dubawa. Wannan ƙasa da sobreiro ke tsaye, wadda ake kira montado a nan, dehesa a Sifen, ba ƙungurmin daji ba ne da ya tsiro don kansa. Fili ne da mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna gyarawa: bishiyoyi a warwatse, ciyawa a ƙasa, tumaki da shanu suna kiwo a inuwa, baƙaƙen aladu suna tsintar 'ya'yan da ke zuba daga Oktoba zuwa ƙarshen hunturu, masu zuma da amyoyinsu a gefe. A nan gaggafar Sifen ke sheƙa, a irin waɗannan wurare kyanwar dajin nan ta Iberiya da ta kusa ƙarewa ke farauta, nan kuma dubban gauraki daga arewacin Turai ke sauka su yi hunturu. In gobara ta bi ta wurin, ɓawon nan mai kauri ke kare bishiyar, sau da yawa ta sake tofo bayan komai ya zama toka. Abin da ya riƙe wannan duka kuwa kuɗin kortisa ne. Mai gona yana haƙuri da bishiyar ne saboda ya san ranar biya na zuwa. Lokacin da matoshin roba da murfin ƙarfe suka fara cin kasuwa, daga shekarun 1990 zuwa na 2000, masu kare muhalli ne da kansu, har da ƙungiyar WWF, suka fito suna roƙon mutane su ci gaba da sayen na ɓawo. Sun san in farashi ya faɗi, mai gona zai daina share ciyawa da kula da tsiro, hankalinsa ya koma kan bishiyar turare da ake sarewa cikin shekara 10 zuwa 12 a kai masana'antar takarda, ko kan layukan zaitun da almon na ban-ruwa da suka cika kewayen madatsar Alqueva.

Abin tsoron gaske yana wani wuri dabam, kuma kullum ina ganinsa. Fari yana ƙaruwa. A 2022 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma abokan aikina sun ce a gonaki da yawa ɓawo ya manne ya ƙi fita, dole aka tashi aiki da wuri. Akwai wata cutar saiwa da ke bin ƙasa, sai ka ga bishiya ta fara zubar da ganye daga ƙololuwa, shekara biyu uku ta tafi. Garmar tarakta mai zurfi tana yanke jijiyoyin da ke kusa da sama. Inda aka cika shanu fiye da kima, duk tsiron da ya leƙo sai a cinye shi. Akwai gonar da muka yi kwana shida muna aiki, na sa ido musamman, ban ga matashiyar bishiya ko ɗaya ba, duk tsofaffi ne sa'o'in juna. Masu gatarin ma haka suke. A ayarinmu mafi ƙuruciya a cikinsu ya ba 50 baya, 'ya'yansu sun tafi Lisbon da Faransa, duk da cewa aikin yana cikin mafi tsokar lada a ayyukan gona na ƙasar. An ƙero wani ɗan injin yanka da ke auna kaurin ɓawo da kansa, yana taimakawa, amma banƙarewa da sanin lokacin da za a haƙura a wuce har yanzu aikin hannu ne da kunne.

Don haka, Ya Edita, ina roƙon ka buga wannan gyara a shafin da rubutun ya fito, don wanda ya karanta na farko ya ga na biyu. Na haɗo da hoto biyu da na ɗauka da wayata. Ɗaya na Mai Fito ne. Ɗayan na bishiyar da na ji wa rauni a 2024, da farar lamba 4 a jikinta. In ka duba ƙasa da lambar ta hannun hagu za ka ga tabon, ya fara haɗewa daga gefe.

Naka,
Mai karatu daga Alentejo, Fotugal