Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin ya hau Dutsen Victoria

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso, kuma na ga inda ka ce kana so ka hau Dutsen Victoria kafin aiki ya sha maka kai, domin ka ga birnin Hong Kong daga sama. Na yi farin ciki da wannan niyya, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake maimakon in bari sai mun yi waya. Baƙo a babban birni yakan yi watanni bai san inda yake ba. Ya san tashar da yake shiga jirgi da wadda yake fita, ya san ƙofar gida da ta wurin aiki, amma abin da ke tsakaninsu duhu ne a gare shi, balle a garin da ake yawan tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Yammaci guda a kan tudu yana iya gyara wannan, matuƙar mutum ya je da shiri, ya kuma san abin da zai duba.

Ka fara da zaɓen rana. A watannin Maris da Afrilu hazo mai laima yakan sauko ya lulluɓe saman dutsen, har mutum ya sha wahalar hawa ya tarar babu abin gani sai fari fat. Daga Oktoba zuwa Disamba iska takan bushe, zafi ya ragu, tafiya ta yi daɗi, ko da yake a lokacin sanyi iskar arewa takan kawo hayaƙi ya dusashe abin da ke nesa. Sau da yawa sararin sama ya fi yin tangaram a tsakiyar damina, bayan an ɗauke ruwa, lokacin da iska ke kaɗowa daga teku, sai dai a lokacin zafi da gumi suke, kuma lokacin guguwa ne. Idan hukumar yanayi ta garin ta ɗaga gargaɗin guguwa mai lamba 8, ka zauna a gida, babu hawa babu shawara. A sauran ranaku kuwa, ka ɗaga kai daga ƙasa tun kafin ka fita: in kana ganin turakun sadarwa da ke ƙololuwar dutsen sarai, ka kama hanya, in kuwa gajimare ya rufe su, ka ɗage tafiyar zuwa wata ranar.

Ka yi ƙoƙari ka isa kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana. A Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe 5:40, a Yuli kuwa sai bayan ƙarfe 7:00. Wanda ya isa da wuri yana ganin birnin da hasken rana, ya gane tituna da unguwanni da duwatsun da ke bayansu, sannan yana nan tsaye fitilu su fara kamawa bene bayan bene har duhu ya rufa. Wanda ya isa da dare fitilu kawai zai gani, masu kyau ne ƙwarai, amma ba za su koya masa komai game da garin ba. Ka tuna magariba za ta same ka a sama, saboda haka ka hau da alwalarka da abin shimfiɗa, ka nemi gefe mai natsuwa.

Hanyar da ta fi shahara ita ce jirgin da ake kira Peak Tram, wanda ya fara aiki a 1888. Kafin shi, masu hali a kan kujera ake ɗaukarsu, wasu mutane su saɓa a kafaɗa su hau da su. Jirage biyu ne a ɗaure da igiyar ƙarfe guda, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, nauyin wannan yana taimakon wancan. Layin bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, tafiyar ba ta kai minti goma ba, amma a wani wurin gangaren ya wuce digiri 25, har za ka ga kamar benayen da ke gefe sun karkace suna jingina da dutsen. Ka zauna a hannun dama wajen hawa, nan ne ɓangaren da ke kallon ruwa. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne layin shiga, musamman da yamma da ranakun hutu, inda jira yakan ninka tafiyar sau da yawa. In ka tarar da cunkoso kada ka ɓata yammacinka a tsaye. Bas mai lamba 15 yana tashi daga unguwar Central ya bi hanya mai lanƙwasa har sama, kuma wanda ya zauna a benen bas ɗin yana ganin sassan tsibirin da jirgin ba ya nunawa.

Da ka sauka za ka tsinci kanka cikin ginin kantuna, ana ta nuna maka hanyar rufinsa, inda ake biyan kuɗi a tsaya a kan tsayin mita 428 daga teku. Wurin ba shi da laifi, amma ni ba can zan tura ka ba. Ka fita waje ka nemi Titin Lugard, siririyar hanya ce da aka liƙa a jikin dutsen, ba a biyan ko kwabo, kuma bayan tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin itatuwa za su buɗe ka ga birnin gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka. Sunan Gwamna Lugga aka sa wa titin, shi dai wanda ka karanta a tarihi, domin ya yi gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912. In ka ci gaba za ka haɗu da Titin Harlech, wanda zai zagayo da kai inda ka faro, tafiyar kilomita uku da rabi a shimfiɗe, kuma ta wancan ɓangaren za ka ga kudancin tsibirin da ƙananan tsibirai da jiragen dakon kaya a teku. Ainihin ƙololuwar dutsen, mai tsayin mita 552, a rufe take saboda na'urorin sadarwa, kada ka wahalar da kanka nemanta.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Idan ka tsaya a wurin, ka bar wayarka a aljihu na ɗan lokaci, ka fara gane gabas da yamma. Arewa kake fuskanta. Abin da ke ƙarƙashinka Central ce, cibiyar bankuna, ruwan da ke gabanka shi ne mashigin Victoria, hayinsa Kowloon, duwatsun da ke bayanta kuma su ne suka raba ta da sauran yankin da ya miƙe har iyakar birnin Shenzhen na Sin. Dogon ginin da ya yi fice a hayin ruwa shi ne ICC, mai tsayin mita 484, wanda aka gama a 2010, ka ga ke nan kansa ya ɗara rufin kallon da ake biyan kuɗi a hau. Wanda ke fuskantarsa daga ɓangarenka, a bakin ruwa, IFC ne, shi ma ya haura mita 400. Mai kusurwoyi uku-uku kamar an yanka shi da wuƙa shi ne ginin Bankin Sin, wanda I. M. Pei ya zana, aka buɗe a 1990. Da ka gane waɗannan uku, sauran birnin zai daidaita a idonka, sai ka nemo unguwarku da wurin aikinka, ka bi hanyar da ke tsakaninsu da ido.

Daga nan ka tambayi kanka dalilin da ya sa garin ya miƙe sama haka. Amsar tana gabanka. Mutum kusan miliyan bakwai da rabi ne suke zaune a ƙasar da yawancinta duwatsu ne, wurin da aka gina bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kusan kashi 40 cikin 100 kuma an keɓe shi gandun daji. Gwamnati ce take da ƙasar, haya take bayarwa na shekaru, saboda haka kowane taku yana da tsada, wanda ya samu fili dole ya yi sama da shi. Inda filin ya ƙare sai aka shiga cike teku. Titin Queen's, wanda yanzu yake can cikin gari da layuka na benaye a gabansa, a bakin ruwa yake lokacin da Turawan Birtaniya suka shata shi a shekarun 1840. Duk abin da ka gani tsakaninsa da ruwa ƙasa ce da mutane suka zuba da hannunsu, mashigin ya yi ta tsukewa har aka kafa dokar kare shi a 1997. Ka kuma lura da Kowloon, za ka ga tsofaffin unguwanninta gajeru ne, dogayen gine-ginen sababbi ne. Filin jirgin sama na Kai Tak ne ya jawo haka, domin jirage suna saukowa ne dab da rufin gidaje, aka hana gini mai tsawo, sai da aka rufe filin a 1998 sannan aka saki mara. Irin wannan karatun ba ya yiwuwa daga ƙasa, inda bene ɗaya ya isa ya tare maka duniya.

Dutsen da kake tsaye a kai ma yana da nasa labarin. A 1904 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar da ta hana Sinawa zama a wannan yanki mai sanyi da iska, aka keɓe shi ga Turawa, kuma ba a kawar da irin wannan hani gaba ɗaya ba sai 1946. Yau babu doka, amma gidajen wurin suna cikin mafi tsada a duniya. Ina so ka san wannan ne domin ka gane cewa ba kowa aka bari ya kalli garin daga nan ba, har a cikin mutanen da suka gina shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake tsoro. Birni daga sama ba shi da wari, ba shi da hayaniya, ba a ganin gajiyar kowa, kuma saurayi mai ƙaramin albashi yana iya kallon waɗannan fitilu zuciyarsa ta raya masa cewa kowa ya samu sai shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A bayan tagogin nan akwai mutum sama da dubu 200 da suke zaune a ɗakunan da aka yanyanka gida ɗaya aka fitar, wani ɗakin gado kawai yake ɗauka. Kusan rabin mutanen garin a gidajen da gwamnati ta gina suke. Fitilun da suke ci a ofisoshi bayan ƙarfe tara na dare, da yawansu wani ne bai koma ga iyalinsa ba tukuna, ko mai shara ce ta fara aikinta. Saboda haka ka cika kallon naka da tafiya a ƙasa. Wata rana ka je unguwar Sham Shui Po da ke Kowloon ka bi kasuwanninta da ƙafa. Ran Lahadi ka ratsa Central ka ga dubban mata masu aikin gida daga Filifin da Indunusiya sun shimfiɗa kwalaye a gindin benayen bankuna suna hutun mako. Ka shiga jirgin ruwa na Star Ferry ka haye unguwar Tsim Sha Tsui da ke bakin ruwa a Kowloon ka juyo ka kalli dutsen daga can, ka ga yadda wurin da ka tsaya ya koma ɗan ɗigo.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma kada ka raina su. Sama ta fi ƙasa sanyi da iska, ka riƙe riga mai kauri ko da ka baro gida kana gumi, ka sa takalmin da ba ya santsi. Kada ka haye shinge ko ka zauna a kansa don hoto, domin a Titin Lugard abin da ke bayan ƙarfen nan rami ne mai zurfi, kuma babu hoton da ya kai ranka. Idan ka yi naka kallon ka matsa wa na bayanka, wurin ƙarami ne. Akwai aladun daji a dutsen, sukan fito da yamma, kada ka matsa kusa da su, kada ka ba su abinci, doka ma ta hana. Ka tafi da aboki, ka duba lokacin jirgi da bas na ƙarshe tun kana ƙasa, kuma kada ka ce za ka sauko da ƙafa ta hanyar da ba ka sani ba cikin duhu.

Idan ka je ka dawo, ka rubuto mini abin da ka gani da bakinka, ka faɗa mini ko ka iya gano unguwarku daga can, hotuna kuwa ka aiko wa mahaifiyarka, ita ta fi ɗokinsu. Tana gaishe ka, ƙannenka ma suna gaishe ka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.