Wasiƙa zuwa ga aminina, a kan sanda da inuwarta

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Wasiƙarka ta iso, na kuma yi dariya inda ka ce STEM ɗin nan da ake ta yayatawa tsohuwar riga ce aka sake wa rini. Kana da gaskiya, amma ba duka ba. Sunan kam sabo ne: a farkon shekarun 2000 hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Amurka ta yaɗa shi, daga harufan farko na kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi a Turance. Shi kuwa aikin, wato haɗa waɗannan darussa wuri guda, ya girme mu duka. Tun 1896 masanin ilimi John Dewey ya buɗe makaranta a Jami'ar Shikago, inda yara ke tsintar lissafi da kimiyya a cikin aikin kafinta da saƙa.

Bari ka ji abin da ya faru a ajina na 'yan shekara bakwai. Da safe na kafa sanda a filin makaranta, na raba musu alli, na ce su yi alama inda inuwar ta tsaya, su auna min tsawonta. Da gangan na ɓoye rula. Wata yarinya ta auna ta ce taƙi tara. Wani yaro mai zara-zaran yatsu ya ce sam, bakwai ne. Gardama ta kaure, kowa na rantsuwa, ni kuwa na ja bakina na tsuke. Can sai wani da ko sunansa aka kira da ƙyar yake amsawa ya ce, "Malam, ai hannunsu ne ba ɗaya ba." Nan na fito da rula. Bara mako biyu na kwashe a gaban allo ina bayanin amfanin santimita, ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Bana su da kansu suka nemi abin.

Duk bayan awa muna komawa. Inuwar na ta gajarta har rana ta take, sannan ta juya ɗaya ɓangaren ta soma miƙewa. Suka jera lambobin a takarda, suka zana, a darasin rubutu kowa ya yi jimla uku a kan abin da ya gani. Da suka tambaye ni ko manya ma suna wannan wasa, sai na ba su labarin Eratosthenes, wani masani na Iskandariyya ta Masar, wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ji cewa a Aswan, can kudu da su, akwai ranar da sanda ba ta da inuwa da tsakar rana, alhali a garinsu inuwar na karkata da kusan digiri 7, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ninka tazarar garuruwan biyu sau 50, ya samu kewayen duniya. Lissafin ya fi ƙarfinsu, amma labarin ya zauna.

Sai daɗi ya kwashe ni. Mako na gaba na ce komai sai an ɗaura shi a kan inuwa, har da "inuwa biyar a tara da inuwa uku". Hamma kawai suke yi. Wannan ba haɗa darussa ba ne, manne ne da yawu. Yanzu kafin in shigo da wani fanni nakan tambayi kaina: in na cire shi, tambayar yaran za ta amsu? In za ta amsu, to na bar shi a lokacinsa. Haruffa da jadawalin ninkawa kuwa har gobe sai an zauna an maimaita su. Ko Finland da ake cewa ta soke darussa ba ta soke ba. Manhajarta da ta fara aiki a 2016 cewa ta yi kowane ɗalibi ya samu aƙalla aiki ɗaya a shekara da ya ratsa fannoni da dama.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙararrawa. Inuwa ba ta san minti arba'in ba, sai da na roƙi abokan aikina biyu suka ara min lokutansu, kuma har yau ɗayan yana min gori.

Ga roƙona. Tunda kana can kudu da mu sosai, ka samo sanda mai mita ɗaya daidai, mu tsayar da rana guda, yaranka su auna inuwa mafi gajarta, nawa ma su auna, mu yi musayar lambobin. Ka tabbata sandar ta tsaya cak, domin tamu ta ɗan karkata ranar farko, sai da muka sake.

Ka gaida min mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Amininka