A gyara tsofaffin bayanan ɗora manhaja a Raspberry Pi

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in yi kira ga masu rubuta bayanan yadda ake ɗora babbar manhaja a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, su koma su gyara rubuce-rubucensu don wallahi da yawa sun tsufa.

Ni kaina kwana biyu na ɓata ina bin wani bayani da ya ce in shiga da suna pi da kalmar sirri raspberry, ashe tun Afrilun 2022 aka cire wannan saboda tsaro, yanzu kai ne za ka zaɓi naka a cikin Raspberry Pi Imager, wato manhajar da ake amfani da ita wajen ɗora babbar manhajar, tun kafin ka rubuta ta a kan memori. Haka maganar Wi-Fi, da sigar babbar manhajar mai suna Bookworm ta fito a 2023 dabarar ajiye fayil ɗin wpa_supplicant.conf, wanda ake rubuta sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa a ciki, ta daina aiki, shi ma config.txt, fayil ɗin saitin kwamfutar, ya koma cikin folda /boot/firmware, amma har yau wasu ba su taɓa ko layi ɗaya ba, sai mai koyo ya ɗauka kwamfutarsa ce ta lalace, abin tausayi.

Don Allah duk mai gyarawa ya riƙa sa kwanan wata da irin kwamfutar da ya gwada a kai, Pi 4 ce ko Pi 5. Na gode.