A auna direban tirela, amma a fara daga gareji

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni fili in ce wani abu kan batun yi wa direbobin manyan motoci gwajin giya da ƙwaya, don ni harkata kayan gwari ce, muna lodin tumatir da tattasai daga Kano zuwa Mile 12 a Legas, kusan kullum da direbobin nan nake hulɗa.

Ina goyon bayan gwajin ɗari bisa ɗari. Wanda ke riƙe da sitiyarin mota mai tan talatin ko tanka cike da fetur bai kamata a bar shi ya hau titi kansa ba daidai ba. Amma yadda za a yi shi ne abin dubawa.

Na'urar nan da ake hura wa baki giya kaɗai take kamawa. To a tashoshin Kudu inda ake ajiye ogogoro da 'yar giyar leda a faranti kusa da ƙofar direba tana da amfani sosai, amma mu nan Arewa matsalarmu ba nan ta fi yawa ba, direba zai rantse maka bai taɓa kai giya bakinsa ba kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ya jefa tramol biyu a shayi tun da asuba, ko wiwi, ko gadagi, ko kodin duk da gwamnati ta hana maganin tarin nan tun 2018. Zai hura na'ura ta nuna lafiya lau ya wuce. Sai an haɗa da gwajin fitsari ko yawu, kuma shi ma a lura, ba kowane kayan gwaji ke gano tramol ba, sai wanda aka yi dominsa. In an tashi sayowa a tambayi hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, aikinsu ne.

Sannan mu tambayi kanmu me ya sa suke sha. Wasu iskanci ne kawai, ban musa ba. Amma da yawa barci suke kora. Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita dubu, ga ramuka ga cunkoso, mu masu kaya muna ta buga waya muna cewa Oga ka taka, tumatir zai ruɓe, mai mota kuma da tirip yake lissafi, in ka yi jinkiri ya karɓe makulli ya ba wani. Ka je Tafa ko Mararrabar Jos da daddare ka gani, direba ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota ya ɗan runtsa awa biyu, ido jawur kamar garwashi, ya tashi ya watsa ruwa a fuska, mai shayi ya riga ya san abin da zai miƙo masa ba sai ya faɗa ba. Karen mota na kallo, shi ma haka zai koya.

A Amurka tun 1991 suka yi doka, kuma kan kamfani ta ɗora nauyin. Kafin a ɗauki direba aiki sai an auna shi, a cikin shekara a riƙa zaɓo su ba zato a auna, in an yi mummunan haɗari a sake aunawa. Kuma doka ta hana shi tuƙi fiye da awa 11 ba tare da ya huta awa 10 ba. Wannan na biyun ne masu motocinmu ba sa son a ambata.

Shi ya sa nake roƙon hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da ƙungiyar direbobin tanka ta PTD su kai gwajin nan wurin lodi, defo da gareji da kasuwannin shanu da na gwari, kafin mota ta tashi. In an mai da shi abin kan hanya to wallahi mun san ƙarshensa, shinge ne kawai zai ƙaru, a miƙa ɗari biyar ta taga a ɗaga hannu. Kuma kuɗin gwajin mai mota ya biya, kada a zaftare daga alawus ɗin direba. In aka kama direba a buge bayan ya baro gareji a ci tarar mai motar shi ma, za ku ga yadda zai fara sa direba biyu a doguwar tafiya.

Wanda gwaji ya kama karon farko kada a kore shi kawai, don gobe zai koma wata tashar ya karɓi wata motar ba wanda ya sani. A dakatar da shi, a tura shi asibiti, yuniyon ta rubuta sunansa, sai ya sake gwaji ya fito tsaf a ba shi makulli.

Mu ma 'yan gwari a zaunar da mu, don rabin wayar da ke hana direba barci daga wurinmu take fitowa.

Naku,
Wani ɗan kasuwar gwari, daga Kano