Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Bala Mohammed: don Allah a bar kututture ya tofo

Assalamu alaikum Mai girma Gwamna, Ƙauran Bauchi, ranka ya daɗe.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare, kuma ɗan ƙauye ne daga yankin Ganjuwa. Ba ni da katin jam'iyya ba ni da ubangida a siyasa, gara in faɗa tun farko kafin 'yan soshiyal midiya su ce biyana aka yi. Abin da ya sa na zauna nake danna wannan dogon rubutu a waya shi ne, kwanan baya na je gida gaida tsohuwa, na leƙa gonar da muka gada sai na tarar ɗorawar nan da ke tsakiyar gona babu ita, ɗorawar da kakarmu ta yi shekara da shekaru tana daddawa da kalwarta, wacce muke hutawa ƙarƙashinta in rana ta take lokacin noma. Ƙanena ne ya sayar wa masu gawayi ita saboda matarsa ta haihu ga kuɗin magani ga na ragon suna. Na buɗe baki zan yi faɗa sai na ga ban san me zan ce masa ba, tunda ni ma da nake albashi da gawayin ake dafa min abinci a Bauchi. A hanyar dawowa kuwa tun daga Kafin Madaki buhunan gawayi ne jere a bakin titi, ga manyan motoci an yi musu lodi har suna rangaji, na fara ƙirgawa na gaji na bari.

Ranka ya daɗe, a aji ina koya wa yara dazuzzukan duniya, to bari in ɗan ja ka can kafin mu dawo gida, akwai inda na dosa. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya a rahotonta na 2020 ta ce daji ya rufe kashi 31 cikin ɗari na doron ƙasa, wajen hekta biliyan 4 kenan, kuma fiye da rabinsa yana ƙasashe biyar ne kacal, Rasha da Birazil da Kanada da Amurka da Sin. A wannan rahoton dai Afirka ce ta fi kowace nahiya asarar daji tsakanin 2010 da 2020, hekta miliyan 3.9 duk shekara. Mu ne na ɗaya, amma a abin kunya.

Abin da nake nanata wa ɗalibai shi ne kowane daji da halinsa, yadda yake mutuwa daban yadda yake farfaɗowa daban. Can arewacin duniya, Rasha da Kanada, akwai dajin sanyi da ake ce wa taiga, itatuwa ne masu ganye kamar allura, ƙanƙara ta rufe su fiye da rabin shekara, girmansu a hankali yake sosai ta yadda wanda ya ga an sare da wuya ya ga madadinsa ya kai. Su gobara ce ke cinye su yanzu da zafi ke ƙaruwa, a 2023 kaɗai wuta ta ci wajen hekta miliyan 15 a Kanada har hayaƙin ya turnuƙe birnin New York. Turai kuwa sun sassare nasu tun zamanin kakanninsu, daga baya ya dawo a wurare da yawa, kuma ba wai don sun fi mu son bishiya ba ne, sun samu kwal da gas da lantarki ne suka daina dogaro da ice. Wannan maganar ka riƙe min ita, zan dawo kanta. Sai kurmi mai ruwa kusan duk shekara, irin na Amazon da Kongo da ɗan abin da ya rage mana a Kuros Riba. Wanda ya ga duhunsa zai ɗauka ƙasar wurin ta fi ko'ina taki, alhali ƙarfin yana jikin itatuwan ne da ganyen da ke ruɓewa a ƙasa, da an share an ƙone sai ruwan sama ya wanke komai, shekara kaɗan gona ta mutu. A Birazil kiwon shanu da noman waken suya ne ke cin dajin, a Indunusiya gonakin kwakwar manja, a Neja Delta kuma itatuwan nan na bakin teku masu saiwa a cikin ruwan gishiri malalar ɗanyen mai ce ke kashe su.

To namu fa? Namu Allah ya yi masa wata baiwa da mutane ba sa lura da ita. Itatuwanmu sun saba da rani na wata shida bakwai, sun saba da gobarar daji da bakin akuya, shi ya sa rabin rayuwarsu a ƙarƙashin ƙasa take. Ka sare marke ko sabara ko kalgo ko taura, saiwar tana nan da ranta, damina na faɗuwa za ka ga kututturen ya fito da tofo. Mu ne da kanmu muke bi da gatari da wuta lokacin sharar gona muna kashe tofon duk shekara, don tun muna yara an nuna mana manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes babu ko tsinke.

Kuma jihar nan da kake mulka ba daji ɗaya gare ta ba. Kudu wajen Toro da Dass da Tafawa Balewa da Bogoro ruwan sama kan kai milimita 1,300 a shekara, can ne za ka ga doka da maje da kaɗanya da madaci. Ka nausa arewa ka wuce Darazo da Misau ka shiga ƙasar Katagum, Gamawa da Zaki, ruwan ya koma wajen 700, itatuwan sun zama gawo da bagaruwa da aduwa da magarya da goruba, ƙasa ta zama yashi. Amma in lokacin bikin dashen itatuwa ya zo sai a kawo dalbejiya da turare a raba wa kowa daga Zaki har Bogoro kamar rabon gidan sauro. A sa manyan kaya, a riƙe shebur, mai kamara ya ɗauka, a watse. Wata biyu ka koma wurin, akuya ta gama da su, in ka ga keji a tsaye to babu komai a cikinsa. Ban raina dalbejiya ba, inuwarta ce ta rufa wa garuruwanmu asiri, kuma maƙwabtanmu na Gombe da suka fito da shirin dashen itatuwa na 3G a 2019 sun yi ƙoƙari ana ganin itatuwan a bakin tituna. Sai dai jeren dalbejiya ba daji ba ne, ba ta ba ka kalwa ba ta ba ka man kaɗe, saniya ba ta ƙoshi da ita.

Ga abin da nake so ka aika mutanenka su gano da idonsu, ba Turai ba ba Dubai ba, Maraɗi kawai, mota ma ta isa. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ƙasar ta zama fili fetal, an yi ta dashe yana mutuwa, sai wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a can ya lura cewa 'yan ciyayin da yake gani a gonaki ai tofon tsofaffin itatuwa ne. Manoma suka fara barin tofon, a zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi a sassabe sauran, a kare su daga dabba da wuta, shi kenan fa aikin, babu gandun reno babu tankar ban ruwa babu kwangila. Yau ana lissafin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a Jamhuriyar Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram, kuma Hausawa ne 'yan uwanmu suka yi da gatarinsu. Gawo ya fi yawa a ciki, kuma duk manomi ya san halin gawo, da damina yake zubar da ganye ya bar gero ya sha rana ya kuma ba shi taki, da rani ya yi kore dabbobi su ci 'ya'yansa. Abin da ya sa ya yiwu a can, manomi ya samu tabbacin cewa bishiyar da ya rena a gonarsa tasa ce. A da ana ganin ta hukuma ce, in ka taɓa a ci ka tara, to wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Mu ma a ƙauyukanmu akwai wannan tsoron har gobe. Ina roƙonka a fito a faɗa ƙarara, a rubuce, a kuma sanar a rediyo da bakin hakimai da dagatai da masu unguwa, cewa wanda ya bar tofo ya girma a gonarsa nasa ne, ya yi sassabe ya samu icen girki ba mai kama shi. Da saiwar itatuwan nan ne ƙasar Katagum za ta riƙe ruwa, don mun ga yadda ambaliyar 2024 ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a can, ƙasar da babu saiwa a cikinta ruwa ba ya zama, wucewa yake da gudu ya tafi da abin da ya samu.

Kuɗin ma ai ba sai an ƙirƙiro ba. Bauchi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, tana kuma cikin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 na jihohin arewa 19 da Abuja. Ko kaɗan aka ware daga ciki aka horar da malaman gona su shiga ƙauye su nuna wannan sassaben, ya fi a sake sayo dubban ledojin shuka.

Mu dawo kan gawayi, don nan ne gizo ke saƙar. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gidajen da suka fara amfani da gas da yawa sun jingine silinda a lungu sun koma kurfoti, kananzir kuwa an manta da shi. Saboda haka in an ce an hana gawayi kawai aka yi shiru, to kuɗin buhu ne zai ƙaru, da kuɗin da ake miƙawa a hanya. Ni da idona na ga an tsare wata tsohuwa da ɗaurin ƙirare a ka ana mata barazana, a daidai lokacin babbar mota shaƙe da buhuna ta wuce, direban ya miƙa hannu ta taga ko birki bai taka sosai ba. Ba tsohuwar nan ce ta cinye dajin ba. Masu injin yankan itace ne da dilolin da ke ba su jari daga birni, su ne ke bin ƙirya da marke da kaɗanya ɗanyu shar saboda gawayinsu ya fi nauyi ya fi daɗewa a wuta. Ƙiryar da maƙeranmu ke lallaɓawa tun kaka da kakanni yanzu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga babba ɗaya ba. Mun kuma ga abin da ya faru da madobiya, wacce 'yan katako ke kira madrid, yadda aka yi ta lodinta zuwa Sin daga Taraba da maƙwabta har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2017, lokacin an riga an yi ɓarnar. A bi dilolin nan, a hana sare itatuwan da ake ci daga jikinsu ko da wane dalili, kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya, sannan a taimaka wa mata da murhu mai cin ice kaɗan, maƙeranmu da magina tukwane za su iya yinsa a nan gida. Makarantun kwana da gidajen burodi su ma a duba su, icen da suke ci a wata ɗaya ya fi na unguwa guda. Turawan da na ce ka riƙe min maganarsu, sai da tukunya ta samu wata wutar dajinsu ya huta.

Yankari kuwa ba sai na ba ka labari ba, kai ɗan Duguri ne, a bakin dajin aka haife ka. Murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, ya zama na tarayya a 1991 ya dawo hannun jiha a 2006, wato amanarsa tana wuyanmu mu kaɗai. Giwayen da ke ciki suna daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya gaba ɗaya, kuma ruwan Wikki da kogin Gaji da muke kai baƙi muna alfahari, dajin da ke kewaye ne ke riƙe da su. In gonaki da ramukan gawayi suka matse shi ta ko'ina giwa za ta fito ta shiga masarar mutane, mutane su tsane ta, ƙarshenta ka san yadda ake ƙarewa. Ga kuma rijiyoyin man Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 a iyakar Bauchi da Gombe, ta ɓangaren Alkaleri inda Yankari yake, muna murna muna fatan alheri, amma wanda ya ga Neja Delta dole gabansa ya faɗi. Dajin Lame-Burra shi ma kusan an bar shi ga masu inji da ɓata-gari, dajin da babu ma'aikaci a cikinsa ai wani zai shiga ya zauna. Malaman daji da yawa sun tsufa sun yi ritaya, waɗanda suka rage wani ko babur ba shi da shi, a ɗauki 'ya'yan ƙauyukan da ke bakin dajin aiki mana, su suka san kowace hanya.

Ɗorawarmu dai ta tafi, amma kafin in baro gida na je na duba kututturen na ga ya fara fitar da 'yan ganye ta gefe guda, na sa ƙanena ya kewaye shi da ƙaya, na ce in akuya ta ci ni da shi ne. In mutanenka za su je Maraɗi, don Allah a sa manoma a motar, kar a cika ta da daraktoci.

Allah ya taimaki Ƙaura, ya sa a gama lafiya.

Naka,
Wani malamin labarin ƙasa daga yankin Ganjuwa