Zuwa ga ɗana a Marwa ta Kamaru, kan babur ɗin da ya saya

Assalamu alaikum ɗana. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafin da ka sani.

Ƙanenka ya nuna mini hoton Yamaha DT 125 ɗin da ka saya. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Innarka hankalinta bai kwanta ba. Ni na yi murna, domin shekara 11 na yi a kan irinsa ina zaga ƙauyukan manoman auduga tsakanin Gidar da Kaele. Don haka ka saurare ni.

Wannan ba ɗan babur ɗin da kake zuwa kasuwa da shi ba ne. Dogo ne, tayar gabansa inci 21, yana hawa dutse, yana keta yashi. Abin da ke ba ni tsoro ke nan: zai iya shiga inda bai kamata ka shiga ba, kai kuma yanzu ka iya tuƙi daidai yadda za ka daina jin tsoro, amma daji bai koya maka komai ba tukuna.

Mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, nake so ka fi kiyayewa. Kana ganin Mayo Kaliyawo da rani, yashi ne zalla, yara na ƙwallo a ciki. Da damina, musamman Yuli zuwa Satumba, sai a yi ruwa can kan duwatsun Mandara, inda kake ko ɗigo bai sauka ba, rana tsaka sai ga ruwa ja ya taho da itace da duwatsu. Wata shekara na iso wani mayo ruwa iya gwiwa. Wani tsoho da ke zaune a bakin gaɓa ya ce in dakata, na ce ina sauri. Ban kai tsakiya ba yashi ya zame ƙarƙashin taya, injin ya sha ruwa ya mutu, ruwan ya kai mini ƙugu. Samari huɗu suka jawo ni da igiya. Babur ɗin sai washegari muka tono shi, kana da wata 7 a duniya lokacin. In ka ga mutanen gari sun zauna suna jira, ka kashe injin ka zauna tare da su, ko da kwana za a yi.

A yashi mai zurfi, ja jikinka baya, riƙe wuta a giya ta biyu, kada ka matse birkin gaba, nan take zai kayar da kai. Baƙar ƙasar karal da ake dasa masakwa kuwa, in ta jiƙe, laka ce mai cika taya har ta ƙi juyawa. Zagaye ta.

Injinsa mai shan mai haɗe da baƙin mai ne, tankin baƙin man daban yake. Duba shi kowace safiya, in ya ƙare kana tafiya injin ya ƙone. Soson matatar iska ka riƙa wankewa kana shafa masa mai, balle lokacin hunturu da ƙura. In dole ta sa ka sayi zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, a bakin hanya, tace shi da ƙyalle mai tsabta. Filogi, tube, famfo da ruwan sha kada su bar jakarka.

Hular kwano ka ɗaure igiyarta, na san da zafi. Silifa kuma ba takalmin hawan wannan babur ba ne, salansa ya ƙona ƙafafu da yawa.

Takardunka su cika, lasisi da kart giriz, wato takardar rajistar babur, da inshora, don ka wuce jandarmomi ba dogon zance. Wajen Mora, Kolofata da sauran bakin iyaka, tun rikicin Boko Haram hukuma kan taƙaita zirga-zirgar babura. Tambayi halin da ake ciki kafin ka nufi can, kuma magariba ta same ka a cikin gari.

Duk sanda za ka shiga daji, gaya wa matarka ƙauyen da ka nufa da lokacin dawowarka. Ka kira innarka ranar Juma'a ka kwantar mata da hankali da bakinka. In ka zo da Sallah, taho da shi in ji ƙarar injin.

Mahaifinka.