Kuɗin amanar aminina na hannuna tun 2015, ya zan yi?

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka. Dan Allah a sakaya sunana, ni ɗan kasuwa ne a Kano kuma abin da zan faɗa ko matata bata sani ba.

Wajen ƙarshen 2015 aminina da muka taso layi ɗaya, allo ɗaya, ya zo shagona a kasuwar Sabon Gari bayan la'asar da baƙar leda ya ajiye min naira dubu 400, yace gonar gadonsa ya sayar, rabi zai yi guzuri zuwa Libiya wannan rabin da ya kawo in riƙe mai har ya dawo, kuma kar in gaya wa kowa ko iyalinsa. Ba takarda ba shaida, daga ni sai shi sai Allah. Da ma tare muka shirya tafiyar, Hajiyata ce tace in na taka Agadas bata yafe ba shi ya sa na zauna. Ya kira ni daga Agadas yana dariya wai ran Litinin za su tashi, a bayan Hilux an kakkafa sanduna kowa ya rungumi ɗaya kar ya faɗo a sahara. Ya sake kira daga Sabha sau ɗaya. Shi kenan, har yau.

A watan Maris 2016 gobara ta tashi a Sabon Gari cikin dare, shagona na ciki, ko tsinke ban fitar ba. Wata biyu ina zaune bashi ya yi min katutu, sai na ɗauko ledar nan nace aro zan yi, in ya dawo in mayar mai. Wallahi niyyata kenan a lokacin. Allah ya sa wa abin albarka, yau shago biyu gare ni, na yi gida, na sauke farali.

Malam ga inda abin yake ci na. A 2017 da bidiyon nan na sayar da mutane a Libiya ya fito aka fara kwaso 'yan Najeriya a jirgi, kullum ina kan waya ina duba hotunan waɗanda suka sauka ina neman fuskarsa, da baki ina addu'a Allah ya bayyana shi amma can ƙasan zuciyata in na gama dubawa ban gan shi ba sai in ji wani sanyi. Mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya! Da ina cewa gobara ce ta ja min, yanzu na fara tambayar kaina, da ba a yi gobarar ba anya zan kai kuɗin nan gidansu? Ai tun 2018 na samu halin biya ban biya ba. Wani lokacin kuma in ce da ni na tafi shi ya zauna, shi zai ci nawa? Ban sani ba, kuma na lura ina so amsar ta zama eh don in samu sauƙi.

Matarsa ta yi jiran shekara huɗu alƙali ya yi hukunci, ta yi idda ta yi wani aure. Ɗansa na fari yana koyon gyaran waya a Farm Centre, bai gama sakandare ba saboda kuɗi. Da sallar da ta wuce ya zo gaishe ni, ya cire takalmi tun daga zaure ya durƙusa, na ba shi dubu biyar ya karɓa hannu biyu yana Allah ya ƙara buɗi Baba. Kakarsa kuma duk inda ta zauna sai tace cikin abokan ɗanta ni kaɗai ne ɗan halak. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na taɓa tambayar wani malami a fakaice kamar labarin wani ne, yace a Malikiyya juya kuɗin ajiya makaruhi ne amma riba ta mai juyawa ce, uwar kuɗin zai mayar. To amma Malam dubu 400 ta lokacin da dala take wajen naira 200 ai ba ita ce ta yanzu ba da dala ta taɓa haura 1,500, in na miƙa musu 400 na ce na fita ni kaina na san wayo na yi.

Don haka nawa ya kamata in biya, kuma wa zan ba, tunda ba wanda ya ga gawarsa balle a ce gado? Sannan dole ne sai na faɗa musu gaskiya, ko ya halatta in biya a matsayin kyauta in rufa wa kaina asiri? Tsohuwar nan tana da hawan jini, ina tsoron abin da jin maganar zai yi mata, ko da yake ƙila kunyata nake ji na fake da ita. Ina sauraron shirin ranar Juma'a in sha Allah.

Naku, wani bawan Allah daga Fagge.